Hayaƙin Gwaggo Biba

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan Alhaji Alkasim ne, a nan Tasawa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Ina taka keke ina kallo aka yi shi. Har yau in na tuna sai dariya ta taso mini, amma kafin ta iso baki ta koma ɓacin rai.

Alhaji Alkasim ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gyaran babur, mutum mai fara'a, mai sadakar ƙosai ran Juma'a. Bara da bazara ya tashi fitar da shaguna biyu a jikin katangar gidansa. Kowa ya san zamani ya canza: kafin ka ɗora bulo sai ka kai zanen gini da takardar fili meri, wato ofishin magajin gari, su duba su ba ka permi, takardar izinin gini. Alhaji ya ce shi bai ga dalilin neman izinin wani ba a ƙofar gidan da ubansa ya haƙa wa harsashi. Ya kira magini, aka ja igiya. Ya ce a ɗan turo ta waje, aka turo. Ya ce a ƙara kaɗan, aka ƙara, har ta hau kan hanyar da ruwan unguwa ke bi. Gini ya kai linto, wato saman ƙofa, saura rufi, sai ga ma'aikatan meri da gwangwanin jan fenti. Suka shafa ƙatuwar alama a bango, suka ce a dakata, in ba a zo da takardu ba za a rushe.

Da yamma aka yi zaman shawara a kan bencin ƙofar shagona, ba tare da an tambaye ni ba. Mai ba da shawarar Sabi'u ne, abokin Alhaji, mai sayar da tsofaffin tayoyi. Sabi'u bai taɓa taka ƙofar kotu ba, amma babu dokar ƙasar nan da ba ta bakinsa, har da waɗanda ba a rubuta ba tukuna.

"Kai, wanga abu mai sauƙi ne," in ji shi. "Doka ce tun ta Nasara. Ɗakin da mutum ke kwana ciki, aka hura wuta, hayaƙi ya kama bango, ba mai taɓa shi. Ko gwamna ya zo sai dai ya gaisa ya wuce. Wani ƙanen matata a Maraɗi haka ya yi."

"To wa za ni sa ciki?" in ji Alhaji.

Ya fara da matarsa Nuriyya. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga saurin da ya fito da shi daga cikin gida. 'Ya'yansa kuma suna lakkol, kada karatu ya taɓu. Sai ya tuna yana da gwaggo.

Gwaggo Biba ƙanwar mahaifinsa ce, tsohuwa siririya mai kaifin ido, wadda tun da ta baro ƙauye ba ta da kowa a garin nan sai shi. Ɗakinta na ƙasa ne, ɗan ƙarami mai rufin kwano, daidai bayan sabbin shagunan. Gadonta na ƙarfe, akwatinta, buta, daro da 'yar rediyo, su ne dukiyarta. Ba ta neman komai wurin kowa in ban da a bar ta ta rufe ƙofarta bayan isha'i.

Washegari ya riƙo hannunta ya zagayo da ita ta waje, har da russunawa.

"Gwaggo, wanga ɗaki naki ne. Na daɗe ina jin kunyar ganin ki cikin ɗakin ƙasa. Ga na siminti, irin na manya."

Ta shiga, ta dubi bango huɗu, sannan ta ɗaga kai ta dubi sama. Wata shirwa tana shawagi.

"Alkasim, ina rufin?"

"Shina tahe, Gwaggo."

"Daga ina?"

"Daga meri."

"To Allah shi kawo shi lahiya," in ji ta.

Kafin azahar an fito da gadonta. Kafin la'asar an cika tsohon ɗakinta da buhunan siminti, aka ɗora kwanon rufin sabbin shagunan a kansu, aka garƙame da ƙaton kwaɗo. Wato rufin da aka ce yana tafe daga meri yana kwance a cikin ɗakinta, a inuwa, ita kuma tana waje tana jiransa.

Daga ranar aikin Gwaggo ya zama bin inuwa. Da hantsi tabarmarta na jikin bangon gabas, da yamma ta ja ta zuwa na yamma. Da rana tsaka kuwa babu bangon da ke da abin ba ta, sai ta shige ƙarƙashin gado ta kwanta da rediyonta. Ƙofa babu, aka rataya zana. Awakin unguwa suka gane wurin tun ranar farko. Masu wucewa suna leƙawa su tambaya me ake sayarwa, har wani ɗan kabu-kabu ya tsaya yana neman esansi, man babur. Ta ce masa ya dawo in an yi rufi.

Sai maganar hayaƙi. A nan ne ilimin Sabi'u ya gamu da cikas, don ɗakin da ba shi da rufi ba ya riƙe hayaƙi. Gwaggo ta hura wuta, hayaƙin ya miƙe sama abinsa, bango yana nan fari fes. Alhaji yakan zo da safe ya shafa bango da yatsa, ya dubi yatsan, ya girgiza kai. Aka ce itacen ne ya cika bushewa, Nuriyya ta koma aiko da ɗanye. Bai isa ba. Sabi'u ya kawo gudummawar guntayen taya. Ranar da aka fara ƙona su ni kaina sai da na rufe shago, don shaddar mutane ta soma wari. Gwaggo na zaune a ciki tana fifita wuta tana tari, hawaye na bin kuncinta, Alhaji na tsaye daga nesa da hankici a hanci yana cewa ta ɗan karkata shi wajen alamar ja.

Na kasa haƙuri, na tare shi a ƙofar masallaci.

"Alhaji, tsohuwar ga hwa za ta halaka. Ko tampol ne a ja mata."

"Haba Mumuni, kai ma da hankalinka. An ce a dakata da aiki. In na ja tampol ai na ci gaba da gini ke nan, na karya doka. Ni mutum ne mai bin doka."

"To ka kai takardun mana, a ba ka permi."

"In na kai cewa za su yi in ja bango baya. Taku nawa za ni rasa? Kai tela ne, ka san abin da ake nuhi da a rage ma mutum yadi."

Na je wa Nuriyya ta bakin matata. Amsar da ta dawo da ita ita ce, a ƙauye ma da bazara ai waje ake kwana, kuma wata likita ta faɗa a rediyo cewa hasken rana na ƙara wa tsofaffi ƙarfin ƙashi. Ta ƙara da cewa Gwaggo ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Wannan kam gaskiya ne. Irin su Gwaggo Biba sun gwammace su narke a rana da a ce sun kai ƙarar ɗan wansu.

Ana nan sai ga ma'aikacin meri ya dawo duba ko an bi umarni. Sunansa Ilyasu, saurayi mai natsuwa, da jakarsa a kafaɗa. Ya ɗaga zana yana zaton zai ga bulo, sai ya ga tsohuwa a ƙarƙashin gado tana jan carbi. Ya durƙusa ya leƙa ta.

"Inna, mi kike yi nan?"

"Zama nike, yaro. An ce in ina ciki ba ku rushewa."

Alhaji ya iso da sauri yana gyara hula, yana kiransa mushe, wato malam a Faransanci. "Ka dai gani da idonka, mushe. Gidan zama ne. Ga mutum, ga gado, ga hayaƙi. Dokar hayaƙi ta hau."

"Wace dokar hayaƙi?" in ji Ilyasu. "Alhaji, babu wata doka haka, ko a Faransanci ko a Hausa. Abin da muke so bai da yawa. Ka kawo pilan, zanen ginin ke nan, da takardar hili, ka ja bangon ga baya ka bar ma ruwa hanyarshi. Ba don mu ba ne, don ku ne. Kuma don Allah ka maida tsohuwar ga ɗakinta."

Gwaggo ta leƙo da kai. "Yaro, in kun tashi rushewar, ku zo da sahe, kahin rana ta yi zahi."

Ilyasu ya tafi yana waiwaye. Ina jin bai san yadda zai rubuta abin da ya gani a rahoto ba. Shi kuwa Alhaji, da ya ga ba a zo da katafila ba, sai ya tabbatar doka ta yi aiki, yaron meri ne kawai ba ya son a gane. Sabi'u ya shiga zagaya gari yana ba da labari. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni su tsaya a bakin titi suna kallon dabarar, wasu har da gaishe ta.

Ruwan farko ya zo ne da la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke zanar ƙofa ta yi gaba da ita. Na ji ihu a cikin gidan Alhaji, sai ga shi ya fito a guje, 'ya'yansa na biye da shi, sun kinkimo ƙatuwar tampol sabuwa dal. Gwaggo ta miƙe ta tsaya a bakin shago, ta ma ɗan matsa gefe don su samu hanyar shiga. Suka wuce ta. Ashe an tuna ne kwanon tsohon ɗakinta yana da 'yar ɓula, kuma daidai kan siminti take. Suka hau suka lulluɓe ɗakin tsaf, suka danne da duwatsu.

Ita kuwa ta koma lungu, ta kifa daro a ka, ta rungume rediyonta a cikin zane. Ruwa na dukan daron kamar ana kiɗan ƙwarya. Na tsallaka na kamo hannunta na kawo ta shagona, matata ta aiko da busasshen zane da kunu mai zafi. Tana sha tana rawar ɗari, amma bakinta bai mutu ba.

"Mumuni, ka gani ko? Da buhu aka haihe ni da yanzu ina da gata."

Na ce ta zauna wurinmu har a yi rufi. Ta ƙi. Ta ce ba za a ce ɗiyar gidan su Alkasim ta koma kwana gidan maƙwabta ba, shi yana raye. Kafin ma mu gama ja-in-ja sai ga Alhaji a jiƙe sharkaf, ya zo ɗaukar ta.

"Gwaggo, wa ya ce ki hito? In 'yan meri suka biyo yanzu suka iske ba kowa hwa?"

"Cikin wanga ruwa, Alkasim?"

"Ai irin lokacin da suke zuwa ke nan."

Bai rufe baki ba Nuriyya ta ƙwala masa kira. Ruwan unguwa ya gangaro kamar yadda ya saba tun kafin a haifi Alhaji, ya tarar an gina masa bango a hanya, sai ya juya ya shige zaurensa. A nan yake ajiye kwalayen kayan babur. Muna kallo suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna iyo a tsakar gida. Mutanen unguwa sun yi ta zuwa jaje washegari, layi guda, ana Allah ya mayar da alheri. Duk ta gaban Gwaggo suke wucewa, tana shanya katifa.

Zazzaɓi ya kwantar da ita. Tarin da hayaƙin taya ya shuka, ruwa ya yi masa ban-ruwa. Aka ce a kai ta likita, Alhaji ya ce gara a kira mai allura ya zo ya yi mata a nan, don tsoho ba ya son jijjigar hanya. Haka aka rataya mata ledar ƙarin ruwa a jikin rodin linto, kowa ya zo wucewa yana gani. Ta rame har idanunta suka faɗa. Ta daina ba 'yan kabu-kabu amsa.

Abin da ciwonta bai yi ba, kwalaye sun yi. Alhaji ya lissafa asararsa, ya ga damina yanzu ta soma, sai ya sa babbar riga ya tafi meri da takardu a hannu. Babu wanda ya ci shi. Aka nuna masa mai zanen gini, aka auna, aka ce bangon gaba ya koma baya. Ya dawo yana yabon ma'aikata, yana cewa shi dama tun farko ra'ayinsa ke nan, mutane ne suka ruɗe shi.

Na yi murna, na ce Gwaggo ta kusa komawa ɗakinta. Ban san abin da ke cikin zanen ba. Abin da hanya ta ci ta gaba, Alhaji ya sa an rama masa ta baya. Kuma abin da ke bayan shagunan shi ne ɗakin Gwaggo Biba. Da permi ya fito, da hatiminsa da sa hannunsa, aka kwashe siminti aka kai zaure, aka sa diga aka baje ɗakin kafin a kira azahar. Wannan karon babu mai cewa uffan, don bisa doka aka yi. Tana zaune a kan akwatinta tana kallon ƙurar.

"Alkasim, wancan ba ɗakina ba ne?"

"Tsohon ne, Gwaggo. Mi za ki yi da shi, ga sabo ana yi maki?"

Magina suna aiki a wannan shago, a tura gadonta wancan. Su dawo wancan, a turo ta wannan. A haka har aka ɗora katako, aka buga kwano. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe na ga Gwaggo ta shiga ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufin. Ta sa aka gyara mata gado a lungun da take so. Har ta aiko a tambaye ni ko ina da ƙyallen da zai yi labule.

Ina cikin dubawa sai ga mota ta tsaya. Abdul Razak ne mai sayar da salula, wanda ashe ya kama shagunan biyu haya tun gini na harsashi. Ya shigo da masu fenti, ya dubi bangon gefe da bai shiga rusau ba, ya yamutse fuska. A ƙarshe dai hayaƙin ya kama. Ya ce wannan baƙin sai an yi masa shafe biyu, kuma a kuɗin haya zai cire. Alhaji ya juya ya dubi Gwaggo da ɗan ɓacin rai, kamar ita ta ɓata masa bango.

Aka fito da gadon aka jingine a bakin titi. Labulen na hannuna.

Na tambayi Alhaji ina za ta kwana. Ya ce ana shawara. Zaure cike yake da kaya, ɗakin baƙi kuma Nuriyya ta sa kujeru sababbi. Yana cikin lissafa wuraren da ba za ta kwana ba sai ga Sabi'u da amalanken jaki. Shi ma ya tada gini a hanyar Mayahi, an shafa masa jan fenti shekaranjiya. An gaya masa babu dokar hayaƙi, ya ce masu faɗar haka ba su ga yadda ta yi wa Alhaji aiki ba, ga shi har permi ta jawo masa.

"Alhaji, aron Gwaggo na zo, in kun gama da ita."

A unguwarmu ana aron turmi, ana aron tsani, ana aron babbar tukunya in ana suna. Yadda ake ba da su haka Alhaji ya ba da amsa, fuska a sake.

"Haba Sabi'u, ai Gwaggo ta kowa ce." Ya juya wurinta ya russuna. "Kin gani, Gwaggo? Allah ba shi barin bawanshi. Ga wuri ya samu."

Na ce wallahi ba za a yi haka ina tsaye ba, ta zo gidana. Ta ɗaga mini hannu, irin ɗagawar da ba a musu da ita. Ta ce mai iyali ba ya kwana gidan maƙwabta, kuma tunda ɗanta ne ya aike ta, aike ne. Sannan ta dubi Sabi'u sama da ƙasa.

"Bangon ya kai linto?"

"Saura kaɗan, Gwaggo."

"Akwai itace kusa, mai inuwa?"

"Akwai wata bedi, ba nisa ƙwarai."

"To ban son taya. In da taya ba ni zuwa."

Ya yi alkawari ba taya. Aka ɗora gado, aka ɗora akwati da buta da daro, aka tallafa ta ta hau.

A garin nan yanzu ba ka isa ka matsar da bango taku ɗaya ba sai an zo an auna, an zana, an buga hatimi, kuma na yarda hakan daidai ne. Bulo ya samu masu tsaya masa. Amma za ka iya ɗauke tsohuwar da ta tashi tare da ubanka ta goya ka, ka fitar da ita daga ɗakinta ka shanya a rana, ka ba da aronta, babu wanda zai tambaye ka takarda. Da Juma'a kuma ka raba ƙosai, a yi maka addu'a.

Mai jaki ya ɗaga sanda, sai ta ce ya dakata. Ta yafito ni, na matsa. Ta karɓi ƙyallen labulen daga hannuna ta ninke ta sa a cinya, ta rage murya don kada su ji.

"Mumuni, in mutanen ƙauyenmu sun zo nemana, ka ce masu na yi ƙaura. Kada ka ce aro na aka yi."